Sarun Ya Hau Dutsen Damisa

Sarun makaɗin goge ne, irin gogen mutanen Khmer mai tsirkiya biyu da suke kira tro. Shekara da shekaru wurin zamansa ɗaya ne, wata rumfar katako a gefen hanyar da ta ratsa itatuwa ta nufi kangon haikalin Ta Prohm. Duk 'yan ƙungiyarsu tsofaffin sojoji ne, kowa da abin da nakiya ta ɗauke masa. Thol mai sarewa, shugabansu, idanunsa ta ɗauke. Shi kuwa Sarun ƙafar dama ce, daga ƙasan gwiwa. Da safe in sun zauna, masu ƙafar roba sukan kwance ta su jingina a gaban rumfa, don mai wucewa ya gani ba sai an yi masa bayani ba. Da sun ji takun baƙi sai su tayar da kiɗa, in baƙi sun wuce su sauke.

Tsawon zama ya sa Sarun ya tsinci Turanci daidai gwargwado, har yana gane abin da 'yan jagora ke faɗa wa baƙi a kansa. Wani ya ce yana huɗa a gonarsa ne ya taka nakiya. Wani ya ce yana yaro ne, yana kiwon ɓauna. Akwai ma wanda ya ce ya shiga daji ne ceton ɗansa, alhali Sarun bai taɓa haihuwar namiji ba. Bai taɓa gyara wa kowa ba. Yakan sunkuyar da kai ya ci gaba da jan gogensa.

Ran nan da hantsi wani matashin jagora ya tsaya da baƙinsa a gaban rumfar. Ɗaya daga cikinsu, dogo mai jar fuska, ya durƙusa da kyamara, ya auna, ya sake aunawa, sannan ya yi wa jagoran magana.

Jagoran ya matso ya ce, "Kawu, ɗan ja wandon sama. So yake dungun ya fito a hoton."

Sarun ya tsayar da hannunsa. Gogen ya yi wani ɗan kuka ya mutu.

"Me ka ce?"

"Wandon, Kawu. Kaɗan kawai, yanzu zai gama."

Sarun ya ajiye gogen a gefe. Ya miƙa hannu ya jawo ƙafarsa ta roba, ya zura dungun a ciki, ya ɗaure maɗaurin a tsanake, ya saki wando ya rufe. Ya sa gogen cikin jakarsa ya miƙe tsaye. Baƙon yana nan durƙushe, ya rasa abin da zai ɗauka.

Thol ya sauke sarewa daga baki ya ce, "Kai, wa ya yanke mana kiɗa? Sarun, mutuwa ka yi?"

"Tafiya zan yi."

"Ina za ka da rana tsaka?"

"Kallo. Ni ma zan je in kalli wani abu."

Matarsa Chanthou tana gasa ayaba a bakin titin ƙauyensu, ita ce kuma ke kai shi rumfa a babur kullum ta ɗauko shi da yamma. Da ta hango shi ya sauko daga bayan wani mai babur da rana, sai ta ajiye mafici.

"Baban Leak, lafiya? Faɗa kuka yi da Thol?"

"Dutsen Damisa za ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta san sunan, ko da yake bai fi a ƙirga lokutan da ta ji shi a bakinsa ba. Dutse ne can arewa, kusa da iyaka, da wani tsohon haikali na jan tubali a kansa. Lokacin yaƙi, Sarun yana saurayi cikin sojan gwamnati, an jibge su a ramuka a gindin dutsen, 'yan tawayen Khmer Rouge suna sama. Damina ta zo ta wuce suna nan. Kowace safiya in hazo ya yaye, abin da Sarun ke fara gani ta bakin rami shi ne kan hasumiyar nan ta leƙo ta saman itatuwa, jajir. Ya sha gaya wa abokansa cewa ranar da aka gama zai hau ya ga abin da ke ciki. Ba a gama yaƙin da shi ba. Ya je ɗibar ruwa a rafi ya taka nakiya, aka dawo da shi cikin ragar kwanciya.

Chanthou ta ce, "Wa ya ce maka ana zuwa can?"

"Direban motar rogon nan da ke sayen ayabarki. Ya ce an share hanyar tuntuni, har matakala aka yi."

Da yamma 'yarsu Sreyleak, wadda suke kira Leak, ta dawo daga aiki. A wani otal take a Siem Reap, ita ke tarbar baƙi tana gaya musu inda za su je da inda ba za su je ba. Ko takalmi ba ta cire ba ta hau mahaifinta da magana.

"Baba, in kallo kake so, ga haikalin Angkor nan a bayan gidanka. Daga ƙarshen duniya mutane ke zuwa dominsa."

"Su zo. Ni na gan shi har na gaji, shi ma ya gaji da ni."

"To amma can babu komai. Wurin nan ko a taswirar da muke ba baƙi ba ya ciki. Babu asibiti, babu masauki. In ƙafarka ta kumbura fa?"

"In ta kumbura tawa ce."

"Baba!"

"Leak, ke kike gaya wa mutanen duniya inda za su. Ni ba baƙonki ba ne. Tun kafin a haife ki nake zaune wuri ɗaya ana kallona kamar birin bakin haikali. Gobe ni zan yi kallon."

Sreyleak ta juya wajen uwarta. "Inna, ki yi masa magana mana."

Chanthou tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da wace mota za ka, tsoho?"

"Zan tari motar rogo."

"Motar rogo. Su jefa ka saman buhuna kamar kaya." Ta hura ƙaiƙayi. "Ni zan kai ka. Kullum ina kai ka bakin rumfa ina juyowa, ban taɓa wuce kasuwar Damdek ba. Nawa idon ba na ado ba ne."

Sreyleak ta zauna daɓas a kan matakalar gida ta ce lallai tsufa ya kama su su biyu a rana ɗaya.

Gari na wayewa suka ɗaura kaya. Tabarma, tukunyar shinkafa ƙarama, gasasshiyar ayaba cikin ganye, da sandar Sarun. Chanthou ta ɗauko jakar goge za ta rataya masa, ya ce ta mayar.

"Ba kiɗa zan je yi ba."

Ta naɗe kanta da krama, ɗan mayafin nan mai zanen dara, ta ɗora hular kwano a kai, ta tayar da babur. Ya hau baya ya gyara ƙafar roba a kan matakin, suka kama hanyar arewa.

Da farko suna tare da manyan motocin baƙi masu baƙin gilashi, suna wuce su suna busa musu iska. A mararrabar Banteay Srei rabinsu suka karkata. A gindin dutsen Kulen sauran suka karkata. Daga nan titi ya zama nasu, su da motocin gawayi da mata masu tallar kwando a keke. Giginyoyi suka ragu, gonakin shinkafa suka ƙare, sai rogo da kashu iya ganin ido. Sarun ya riƙa nuna wa matarsa wurare ta saman kafaɗarta, yana ɗaga murya saboda iska.

"Nan duk daji ne da. Rana ba ta taɓa ƙasa."

"To ina dajin?"

"Ki tambayi masu manyan motoci."

Da suka bar kwalta suka hau jar ƙasa, tafiya ta koma wani abu dabam. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, hanya duk kwazazzabo. Chanthou tana kauce wa rami ɗaya tana faɗawa na gaba, shi kuma yana mita a bayanta.

"Uwar Leak, ramukan kike bi da gangan?"

"In ka fi ni iyawa sauko ka tuƙa."

Kafin rana ta take suka iso wani rafi, gadar katakon da ke kansa ruwa ya tafi da rabinta. Ruwan bai kai gwiwa ba. Chanthou ta sauka ta tura babur ta haye da shi. Ta juyo za ta dawo ta kama mijinta, ya ɗaga mata hannu.

"Tsaya inda kike."

Ya dogara sanda ya shiga. Ya yi tsakiya lafiya, sai ƙafar roba ta nutse cikin taɓo. Ya ja, ta ƙi. Ya tattara ƙarfi ya fizga, maɗaurin ya saki, dungun ya zare, shi kuma ya zauna tsamo-tsamo cikin ruwa. Ƙafar tana nan tsaye a gabansa ita kaɗai, da silifas ɗinta.

Chanthou ta so ta daure, abin ya gagara. Ta riƙe ciki tana dariya har hular kwano ta zame mata kan ido.

"Ga ta can za ta riga ka isa!"

"Ki gama dariyar ki zo ki ciro min ƙafata, tsohuwar banza."

Wata mata da ke wanke rogo a gaɓa ta taya su cirowa, ta ja su zuwa bukkarta. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo shinkafa da prahok, daddawar kifin nan, da ɗanyen kokwamba da gasassun kwaɗi. Sarun ya ci kamar wanda ya yi noma, wandonsa na bushewa a jikinsa. Matar ta tambaye su wurin wa suka zo, don ta san duk mutanen yankin.

Sarun ya ce, "Wurin kowa. Yawon buɗe ido muke."

Ta dube shi, ta dubi tsohon baburinsu da tukunyar da ke ɗaure a baya, ta yi dariya, don ta ɗauka wasa yake. Da ta ga ba wasa ba ne sai ta nuna musu hanya. Ta ce in sun ga turaku masu jan fenti kada su tsallake, ko fitsari ne ya matse su, don ba ko'ina aka gama sharewa ba.

Suna fita daga wata gonar kashu dutsen ya bayyana a gabansu. Sarun ya dafa kafaɗar matarsa da ƙarfi har ta taka birki. Ga kan hasumiyar can ta leƙo ta saman itatuwa, jajir. Ta jira shi har ya sassauta hannun, sannan ta ci gaba.

A gindin dutsen akwai wata rumfar kwano, an gitta gora a bakin matakala. Wani mutum sa'an Sarun, siriri, baƙi, yana kwance cikin raga, da rigar masu gadi a buɗe. Khorn sunansa. Ya ɗago kai ya bi su da kallo, idonsa ya tsaya a kan tafin roban da ke cikin silifas.

"Yaya, in bara ka zo yi, ka yi asarar mai. Nan sai a yi mako ba a ga Bature ba."

Chanthou ta buɗe baki, Sarun ya riga ta.

"Ka ga kwano a hannuna?"

"To me ya kawo ku?"

"Abin da ke kawo Turawan. Ɗage gorar nan."

Khorn ya sauko daga raga ya tsaya a gaban gorar. "Ba za ka iya ba. Katakon sama ya ruɓe, daga can kuma duwatsu ne, kowanne ya kai cinya. Masu ƙafa biyu ma da rarrafe suke ƙarasawa. In ka faɗo ni za a tambaya. Ka tsaya nan ka kalla, daga nan ma ana gani."

"Daga nan na kalle shi. Na san dutsen nan tun kafin ka san shi."

Khorn ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Kafin ni? Ni a kansa na yi shekarun yaƙi."

Chanthou ta matso ta kama gefen rigar mijinta.

Sarun ya ce, "Ashe ku ne a sama."

"Mu ne."

"Ni ina ƙasa. Wajen rafi."

Khorn ya sake duban ƙafar, wannan karon bai yi saurin ɗauke ido ba. Ya ce, "Kowa ya binne nakiyar nan, Yaya. Mun binne, kun binne. Ƙanena taku ya taka, shi ko ƙafar roba bai samu ba."

"Ban tambaye ka ba. Ban zo shari'a da kai ba, ban kuma zo neman gafararka ko ba ka tawa ba." Sarun ya matsa har ƙirjinsa ya kusa taɓa na mutumin. "Kun hana ni hawa dutsen nan sau ɗaya. Ba za a yi na biyu ba. Matsa."

Suka tsaya ido cikin ido. Khorn ya fi shi tsawo, kuma ƙafafunsa biyu ne, da ya so da hannu ɗaya zai ture shi. Ya tofar da yawu gefe, ya juya ya ɗage gorar.

"In ka karye, matarka ce shaida na faɗa maka."

Matakalar katako ba ta ba Sarun wuya sosai ba da farko. Yakan ɗora ta hagu, ya jawo ta roba, ya dogara sanda. Amma rana ta take, gumi ya cika kwarmin ƙafar, ga ragowar yashin rafi a ciki yana cin fata. Kafin su yi rabi ya fara cije leɓe. Chanthou tana bayansa da kayan abinci, tana haki, ba ta ce masa ya huta ba don ta san amsar da za ta samu.

Sai suka ji murya daga ƙasa. "Na gabanka ruɓaɓɓe ne. Taka ta gefen hagu, kan ƙusa."

Khorn ne ya biyo su, ya bar tazara. Sarun bai waiwaya ba. Amma ta gefen hagu ya taka.

Inda katako ya ƙare, tsofaffin duwatsun haikali suka fara, manya, saiwoyi sun tsattsage su sun karkatar. Sarun ya gwada na farko, ƙafar roba ta zame, haɓarsa ta bugi dutse. Ya zauna ya tofar da jini. Ya kwance maɗauri ya zare ƙafar. Dungun ya yi ja, ya saɓule a gefe ɗaya.

Chanthou ta ce, "Baban Leak..."

"Riƙe min wannan."

Ta karɓi ƙafar ta juya ta, ta rasa hannun da za ta riƙe ta da shi. Sai ta kwance kramarta ta goya ƙafar a baya, tafin yana leƙe ta saman kafaɗarta. Sarun ya juya wa dutsen baya, ya dafa da hannu biyu, ya tokare da ƙafar hagu, ya ɗaga jikinsa ya zauna a kan na sama. Ya sake. Haka ya riƙa hawa da baya, da mazaunai, fuskarsa tana kallon Khorn da ke tsaye a ƙasa. Hannuwan da suka saba jan goge suka kwaile. Wandonsa ya yage. Wani wurin sai ya kwanta rigingine yana numfashi kamar zai shiɗe, sannan ya tashi ya dafa na gaba.

Khorn ya ce, "Yaya, bari in kama ka ta hammata. Saura kaɗan."

"Ka taɓa ni sai mun gangara tare."

Da haka ya isa. Ya ja jiki ya haye dutsen ƙarshe, ya juya.

Hasumiyar 'yar ƙarama ce. Bayanta duk ya rushe, tubali ya zube cikin ciyawa, gaban ne kawai ke tsaye. Ƙofarta sai mutum ya sunkuya. Daga ciki warin kashin jemage ke fitowa. Akwai wani mutum-mutumin Buddha da ba shi da kai, an yafa masa ƙyalle mai ruwan lemo da rana ta cinye launinsa. A gefe ga wani ƙarfe mai tsatsa kafe a ƙasa, inda aka taɓa girka babbar bindiga.

Sarun ya kalla, ya kalla. Sai dariya ta kuɓuce masa, mai ɗaci, har da tari.

"Wannan ne? Uwar Leak, wannan ne? Ɗakin girkinmu ya fi shi faɗi!"

Chanthou ta sauke ƙafar daga baya ta zauna tana fifita da hannu. "Ni dai ban hau dutsen nan don in ji ana kushe shi ba. Ka kalle shi da kyau, don ba zan sake goyon ƙafarka ba."

Ya ja jiki zuwa bakin dutsen inda ƙasa ta buɗe. Ga rafin can yana sheƙi, ga gonakin rogo layi-layi har inda ido ya gaza, ga hayaƙin masu gawayi, ga jar hanyar da suka biyo kamar zare. Ya nemi inda ramukansu suke, ya rasa. Babu itacen da ya sani, babu tudun da ya sani.

Khorn ya zo ya tsaya nesa kaɗan. Ya miƙa hannu. "Can kuke. Inda rafin ya lanƙwasa, wajen bukkar nan mai shuɗin rufi."

"Kana gani daga nan?"

"Komai muna gani. Hayaƙin girkinku, shanyarku. Har mai zuwa wanka."

Sarun ya bi hannun da kallo. Duk tsawon watannin nan yana leƙen dutsen ta bakin rami, yana jin ya ɓuya. Ya dubi lanƙwasar rafin, ya ga wata mata da kare suna tafiya a gaɓa, ƙanana kamar tururuwa, amma ana ganin har launin zanenta.

Chanthou ta shiga cikin hasumiyar ta kunna turaren tsinke ta soke a gaban mutum-mutumin, ta haɗa hannuwa ta sunkuya, jemagu suna motsi a samanta. Da ta fito ta kwance ganyen ayaba. Ta ba mijinta, ta ɗauki nata, ta ɗan yi jim, sannan ta miƙa wa Khorn ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu. Sarun bai hana ba, bai kuma dubi wajen ba.

Ta ce, "Tsoho, me kake gani ne haka?"

"Kallo nake yi. Ki bar ni."

Suka bar shi. Ya zauna a bakin dutsen, dungunsa a miƙe yana shan iska, har inuwar hasumiyar ta tsawaita ta iso inda yake.

Saukowa ta fi hawa wuya, kuma nan ma bai yarda an kama shi ba. Da suka iso rumfar kwano Khorn ya ɗebo ruwa a randa ya miƙa. Chanthou ta sha. Sarun ya karɓi moɗar ya zuba a kan dungunsa ya wanke jinin, ya mayar masa. Khorn ya gaya musu akwai gidan sufaye a ƙauyen gaba, ba sa hana matafiyi kwana a rumfarsu. Sarun ya gyaɗa kai. Iyakar sallamar da suka yi ke nan.

Washegari, bayan sun karya da kunun shinkafa a gidan sufayen, suka fito har inda jar ƙasa ta haɗu da kwalta. Chanthou ta tsaya ta sauke ƙafa. Dama ce hanyar gida. Wayarta ta hau ruri cikin riga, don sai a nan ta samu layi.

"Inna! Tun jiya nake kira. Kuna ina? Baba fa?"

"Ga shi nan da ransa, ya yage wando."

"Kun gani ai, ko? To ku juyo haka nan. Thol ya aiko, ya ce in Baba bai dawo ba zai sa wani a wurinsa."

Sarun ya sunkuyo ta kafaɗar matarsa. "Uwar Leak, nan hagu ina ta nufa?"

"Allon ya ce Stung Treng."

"Can ne kogin Mekong yake. Kin taɓa ganin Mekong?"

"A ina zan gan shi? A cikin kaskon ayaba?"

Ya karɓi wayar. "Leak, ki gaya wa Thol ya sa wanda ya ga dama. Ki ba kaji ruwa."

"Baba, ƙafarka..."

"Tana nan, uwarki ta goya ta jiya. Sai mun dawo."

Suka karkata hagu. Sun fi mako suna yawo. Sun ga Mekong, Chanthou ta tsaya a gaɓa ta ce wannan ai ba kogi ba ne, ƙarya ake yi, teku ne. Sun hau kwale-kwale, sun kwana a gidajen sufaye da gidan wani masunci, sun ci kifin da ba su san sunansa ba. Tayar babur ta fashe musu a hanyar Kratie suka yi faɗa a kan wanda ya jawo. Dungun ya kumbura kamar yadda Sreyleak ta faɗa, har sai da suka yini a wani ɗakin shan magani aka wanke aka naɗe, ma'aikaciyar tana yi wa Sarun faɗa yana ce mata ta yi aikinta.

Da suka dawo sun tarar Thol ya cika maganarsa, ya sa wani makaɗin a rumfa. Sarun bai je roƙo ba. Ya shiga ƙungiyar masu kiɗan biki ta ƙauyen da ke gaba da nasu. Aikin ba kullum ba ne, kuma in damina ta sauka biki yakan yi wuya, sai ya zauna yana taya Chanthou ɓare ayaba. Ita kuwa bayanta bai daina ciwo ba har wata ya zagayo, kuma duk direban da ya tsaya sayen ayaba sai ta tsare shi da tambayar yadda hanyar Kampot take, da ko babur irin nasu zai iya kaiwa bakin teku.